GARGAƊI: masu sayen tsofaffin wuƙaƙen aljihu ku yi hattara da wannan mutumin

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda ya ga ana tallar "wuƙaƙen Turawan mulkin mallaka" a Facebook ko a guruf na WhatsApp ya dakata tukuna kafin ya tura ko sisi. Akwai wani shafi da yake yawo kwanan nan, mai shafin yana cewa wai kakansa kuku ne a gidan wani Di'o, da Baturen zai koma gida ya bar masa akwatin ƙarfe cike da wuƙaƙe masu naɗewa, wai tun na sojojin Lugga da suka ci Kano a 1903. Ƙarya ce wallahi, kuma ƙanen wani abokina ya riga ya faɗa hannunsu, kuɗin da yake tarawa na kayan shago ne suka tafi.

Ba mutum ɗaya ba ne, su biyu ne aƙalla. Na farko shi ne mai kaya, ya yi maka magana a hankali kamar mutumin kirki, ya ce shi bai san darajar abin ba matsi ne ya sa zai sayar. Kana cikin tunani sai wani ya kira ka da wata lamba, ya ce shi wakilin wani Bature ne mai tara kayan tarihi, ya ga ka yi kwament a ƙarƙashin hoton, in har ka samu wuƙar nan mai tauraro zai biya ka miliyoyi a take. Ka ga an haɗa ka da kwaɗayi ke nan. Sai ka koma wajen na farko da gudu, ya ce ai wani ma ya taya, ka tura kafin alƙalami yanzu a ajiye maka, sannan kuɗin mota a ba direba a tasha. Kana turawa alat na shiga shi ke nan, wakilin Bature wayarsa a kashe. Ƙanen abokin nawa shi har kaya aka aiko masa a leda, wuƙa biyu, na riƙe su da hannuna na duba.

Abin da ya ƙona min rai shi ne sunayen da suke fakewa da su sunaye ne na gaske, na gidajen maƙera da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Wuƙa ta farko an rubuta mata Joseph Rodgers & Sons, Sheffield. Gidan nan na Ingila ba ƙaramin gida ba ne, tambarinsu tauraro da gicciye, su ne ma suke yi wa gidan sarautar Ingila wuƙaƙe a zamaninsu. To amma a gindin ruwan wuƙar da aka aiko an rubuta "stainless" ɓaro ɓaro. Ƙarfen da ba ya tsatsa sai a 1913 Harry Brearley ya gano shi a can Sheffield ɗin, to ta yaya wuƙar da ta zo Kano a 1903 za ta zama da shi? Kuma rubutun ma ba bugawa aka yi ba, a sama yake kamar fenti, ka sa farce ba ka jin rami. Tsohuwar wuƙa ta gaske da hatimin ƙarfe ake buga tambarinta, yana nutsewa ciki, kuma yana cinyewa tare da jikin wuƙar, ba za ka ga jiki ya tsufa tambari yana sheƙi sabo fil ba. Tsatsar kuma launi ɗaya daga sama har ƙasa kamar an tsoma ta a ruwan gishiri an shanya, na buɗe ta na leƙa cikin mariƙin, fes, ko ƙura babu. Wuƙar da ta yi shekara ɗari a aljihu datti a lungunta yake taruwa, kaifinta kuma ya sirance saboda wasawa.

Ko da tambarin na gaske ne ma bai isa hujjar tsufa ba, domin sunan Rodgers da na George Wostenholm mai alamar I*XL duk sun koma hannun wani kamfani a Sheffield kuma har yanzu ana ƙera sababbi da su.

Ta biyun Okapi ce, irin mai zoben nan da ake ja a rufe, mariƙin katako da adon wata da taurari. Wannan kam dattawa da yawa sun san ta. A Solingen ta Jamus aka fara ƙera ta a 1902 don a sayar a Afirka, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Wadda aka aiko masa South Africa ne a jikinta, kun ga ba ta kai shekara arba'in ba ke nan balle zamanin Lugga. Kuma Okapi tun asali wuƙar talaka ce mai araha, an yi ta da yawan gaske, babu Baturen da zai ba ka miliyan a kanta.

Na bi sauran hotunan shafin na ga har da Opinel ta Faransa wai ta 1920, alhali ga zoben kulle a wuyanta, zoben da sai 1955 gidan Opinel suka fara sa shi. Akwai Douk-Douk ma wadda 'yan uwanmu na Nijar za su fi sani, gidan Cognet a garin Thiers suke yin ta tun 1929 kuma har gobe suna yi, sabuwa ba ta da wani tsada.

Ni ban ce babu masu tara tsofaffin wuƙaƙe ba, akwai su sosai a Amurka da Turai kuma wata wuƙar tana yin kuɗi. Amma su mutane ne masu bin diddigi, gidan Case na Amurka ma tun 1970 suke sa ɗigo ɗigo a gindin wuƙa, goma a shekarar farko ana rage ɗaya duk shekara, mai tarawa yana ƙirga ɗigon ya faɗa maka shekarar da aka yi ta. Irin waɗannan ba za su kira ka a waya da daddare su ce ka yi sauri ba.

In kana son saye don sha'awa, ka ce a turo maka bidiyon gindin ruwan wuƙar kusa kusa a cikin rana, a buɗe a rufe kana gani, kuma kar ka biya sai kaya na hannunka ko hannun wanda ka yarda da shi. In kuma an riga an cuce ka, ka ajiye hoton hirar da rasit ɗin tura kuɗin, ka je bankinka da wuri ka kai rahoto wajen 'yan sanda, kar kunya ta hana ka. Shafin yana canza suna, amma hoton akwatin ƙarfen nan kore mai tsatsa shi ne dai suke ta sawa. Dan Allah ku tura wa 'yan uwa musamman matasa masu neman jari.