Tsakanin The Emperor Jones da Sanders of the River, wanne za ka fara saya?

Malam, a finafinan nan guda biyu na Paul Robeson, ɗan wasa kuma mawaƙi baƙar fatar Amurka, sayi The Emperor Jones na 1933.

Asalinsa wasan dandamali ne na marubuci Eugene O'Neill, kuma Robeson ya taka rawar Brutus Jones a dandamali a New York a 1924, ya sake takawa a Landan a 1925. Kafin daraktan fim ɗin, Dudley Murphy, ya kafa masa kyamara, rawar ta riga ta zauna masa a jiki. A labarin, Brutus Jones ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi kisa wurin caca, ya tsere daga ɗauri, ya je wani tsibiri ya naɗa kansa sarki, yana ruɗar mutane cewa harsashin azurfa kaɗai ke iya kashe shi. Ka natsu sosai a kashin ƙarshe, inda yake gudu cikin daji da dare, ganga na ƙara sauri, shi kaɗai yana magana. Na'urar ɗaukar sauti ta wancan zamani ba ta ƙaunar raɗa ko yawan motsi, shi ya sa masu horon dandamali suka yi kasuwa da fim ya fara magana. A nan za ka ji dalili: kowane harafi na fita tar, ko da muryar ta sauko.

Sanders of the River na 1935 kuwa, waƙoƙinsa ba laifi. An ɗora labarin a Najeriya ta zamanin Turawa, Robeson ya fito a Bosambo, basaraken da ke yi wa jami'in mulkin mallaka biyayya. Shi kansa ya nesanta kansa da fim ɗin bayan ya ga yadda aka tace shi.

Sai dai ka yi hattara da masu sayarwa. An daɗe ana yawo da yankakkun kwafi na Emperor Jones, hoto dishi-dishi, sauti na shashshaka, a manna musu sabon bango a ce "gyararre". Nemi wanda Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya gyara, mai kusan minti 76, yana cikin kundin faifan DVD na kamfanin Criterion na 2007 mai faifai huɗu, har da Sanders ɗin a ciki. Faifan yankin Amurka ne, ka tabbatar na'urarka na karanta shi kafin ka biya. Akwai kalaman ƙasƙanta baƙar fata a cikin Emperor Jones ɗin, kada ka kunna a gaban yara.