Ranar da aka hana ni zanen hannuna a Amurka

Shekara huɗu na yi ina aikin zane a wani ƙaramin kamfanin ɗab'i a birnin New York, amma sai ranar da zan ajiye aikin na san cewa ko zane ɗaya ba nawa ba ne. Na sa filashi a kwamfuta zan kwashi ayyukana, sai manajar ta taso ta ciro takardar da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni, ta ɗora yatsa a kan wani sakin layi a gaban abokan aikina, ta ce in cire filashin. Wanda ya fi ci mini rai shi ne zanen da na ɗauko daga aska takwas ta babbar rigar mahaifina, aikin hannun Zariya, wanda na raba dare uku ina daidaita shi, ga shi yau ana buga shi a jikin jakunkuna babu sunana.

Lauyan da na gani bai ba ni ƙwarin gwiwa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ta tanadi cewa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa, kamfanin ne ake ɗauka ya ƙirƙira shi, kuma ana kare masa shi shekara 95 daga wallafawa ko 120 daga ƙirƙira, duk wadda ta riga cika. Raina ya ɓaci, amma dole in yaba musu da abu ɗaya: komai a rubuce yake, ni ne ban karanta ba.

Abin takaicin shi ne dokarmu ta Najeriya ta 2022 ta fi tausaya wa mai fasaha, domin ta bar masa haƙƙinsa tun farko, sai dai idan an yi yarjejeniya akasin haka, ko kuwa gwamnati ya yi wa aikin. To amma wa yake amfani da ita? Marubuci a Kano zai miƙa wa furodusa labarinsa a kan na goro da alkawarin baka, kunya ta hana shi neman takarda don kada a ce ya raina manya, sai fim ya karɓu sannan a fara kai ƙara wurin dattawa. Ina kewar wannan yarda da juna, wallahi, amma ƙanena mai rubuta labarin fim ya sha zubar da guminsa saboda ita. A daren nan na kira shi, na ce ya turo mini hoton duk takardar da za a ba shi kafin ya sa hannu, idan kuma ba a ba shi ba, ya riƙe labarinsa.