Na je neman Rambo, na tarar da marubuci: sharhi kan shirin Sly

Tun ina ɗan firamare na san fuskar mutumin nan, amma sai da na haura shekara 40 na san ainihin sana'arsa. A unguwarmu babu mai ce masa Sylvester Stallone, Rambo kawai muka sani. Yayana ne ya fara kai ni gidan kallo na gan shi, a wata rumfar langalanga mai benci shida da talabijin guda da aka ɗora kan durom, janareto na ta ruri a baya. Ba ma jin Turanci, kuma ba mu damu ba. Ƙyallen da ya ɗaura a goshi da wuƙar nan mai haƙora sun ishe mu. In an tashi sai musu ya kaure a hanya, tsakanin Rambo da Kwamando wa zai ci wani. Duk yaron da ya fiye taurin kai a layinmu, Rambo ake ce masa. Amma ko sau ɗaya ban taɓa jin wani ya ce mutumin nan yana riƙe biro ba.

Makon jiya na kalli Sly, shirin tarihin rayuwarsa da ke kan Netflix. Ya fito a 2023, Thom Zimny ne ya ba da umarni, tsawonsa minti 95. Na sauke shi a waya na kalla ni kaɗai da daddare, bayan kwana biyu kuma na sake kallonsa a talabijin tare da Yaya, wanda ya fara nuna mini mutumin. Shawarar farko ga duk mai son kalla: ya kunna rubutun da ke bi ta ƙasa. Muryar Stallone tana da nauyi, kalmomi suna fita a cakuɗe, ko wanda ya ji Turanci sosai zai rasa wasu. Muna yara mun ɗauka salo ne na jarumta. Ashe rauni ne tun daga ranar haihuwa. An haife shi ranar 6 ga Yuli, 1946, a wata unguwar talakawa ta birnin Niyu Yok mai suna Hell's Kitchen, kuma ƙarfen da aka jawo shi da shi wajen haihuwa ya taɓa masa jijiya, ɓangaren hagu na ƙasan fuskarsa ya shanye. Karkatar leɓen nan da muke kwaikwayo a hanyar makaranta, asalinta ke nan.

Shirin ya buɗe ne ana kwashe kayan gidansa na Kalifoniya zai yi ƙaura. Ma'aikata suna nannaɗe gumakan Rocky, ɗan damben da ya fito a matsayinsa a fim, ana cika akwatuna, shi kuma dattijo mai shekara 70 da ɗoriya yana zagaye ɗakunan yana magana. Ba a daɗe ba maganar ta koma kan mahaifinsa, kuma a gaskiya ba ta sake barin wurin ba har ƙarshe.

Mahaifin, Frank, ɗan asalin Italiya ne, gyaran gashi ce sana'arsa, mutum ne mai saurin hannu. Stallone da ƙanensa, wanda shi ma Frank ne sunansa, duk sun faɗi irin dukan da suka sha. Iyayen sun rabu yana yaro. Amma labarin da ya tsaya mini a rai shi ne na ƙwallon dawaki, wato folo, irin wanda ake bugawa a Katsina da Kaduna. Uban ɗan folo ne, yaron ma ya tashi ya iya, har ya fara yin suna yana ɗan shekara 13. Wata rana ana tsakiyar wasa, uban ya taso daga cikin 'yan kallo yana faɗa, ya shaƙo wuyan ɗansa ya fizgo shi daga kan doki ya yar a ƙasa, ya ja dokin ya tafi. A gaban jama'a. Lokacin da yake ba da labarin bai ɗaga murya ba, bai yi hawaye ba, amma ka ga idonsa ka san abin yana nan ɗanye. Shekaru da yawa bayan haka, ya zama attajiri sananne a duniya, ya shirya wasan folo don ya faranta wa tsohon rai, sai uban ya sake kai masa duka ta baya a cikin wasan har ya faɗo. Daga ranar ya sayar da dawakinsa. A nan na tsayar da shirin na ɗan zauna shiru. Na san gidaje da yawa da uba bai taɓa ce wa ɗansa "ka yi ƙoƙari" ba, ɗan kuma ya ƙare rayuwarsa yana neman wannan kalma a bakin wasu.

Daga nan ne na fahimci dalilin rubutun. Bayan ya yi karatu a Suwizalan da Jami'ar Miami, ya koma Niyu Yok neman aikin fim, babu mai ɗaukarsa sai a matsayin ɗan daba ko ɗan koren wani mugu. Fuska a karkace, magana a cakuɗe, wa zai ba shi jarumi? Ya yi aikin nuna wa mutane kujera a gidan silima, yana kallon fim guda sau da yawa yana lura da yadda ake ɗinka zance. Da ya ga ba za a rubuta masa rawar da yake so ba, sai ya zauna ya fara rubuta wa kansa. Ya tara labarai da dama waɗanda ba su je ko'ina ba. A 1974 ya fito a The Lords of Flatbush tare da Henry Winkler, wanda shi ma ya yi magana a shirin.

Labarin Rocky kuwa, ko da na taɓa jin gutsurensa, ban taɓa jinsa a jere haka ba. A watan Maris na 1975 Muhammad Ali ya kara da wani ɗan dambe da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, Chuck Wepner. Kowa ya zaci turmi biyu ko uku za a gama. Wepner ya jure har turmi na 15, har ma ya kai Ali ƙasa a turmi na 9. Stallone ya ga wannan dambe, ya zauna cikin kwana uku da 'yan kai ya rubuta zubin farko na labarin wani ɗan damben unguwa a Filadelfiya, mai karɓar wa wani mai ba da rance bashi, wanda aka ba shi damar karawa da zakaran duniya. Akwai wani ɗan bayani da ya burge ni ƙwarai: a zubin farko Rocky mugu ne, mai taurin zuciya. Wadda take buga masa rubutun a tafireta ta gaya masa ta tsani mutumin nan. Maimakon ya yi fushi, sai ya koma ya sake shi, ya mai da shi mutumin da aka aika ya karya wa mai bashi yatsa amma ya kasa. Duk wanda ya taɓa rubutu ya san wuyar karɓar irin wannan gyara.

Kamfanin United Artists ya so labarin, amma da sanannen jarumi irin su Burt Reynolds ko Ryan O'Neal. A yadda yake ba da labarin, tayin ya haura dala 200,000, alhali ba shi da abin kirki a banki. Ya ce ba zai sayar ba sai in shi zai fito. Daga ƙarshe aka yarda, aka rage kuɗin aikin zuwa kusan dala miliyan 1, aka ɗauki fim ɗin cikin kwana 28, John G. Avildsen yana ba da umarni. Ya fito a 1976, ya tara kusan dala miliyan 225 a duniya, ya shiga takarar Oscar a rukuni 10 ya ci 3, har da na fim mafi kyau na shekara. Shi kansa Stallone an sa sunansa a rukunin jarumi da na marubuci a kan fim guda, abin da kafin shi Charlie Chaplin da Orson Welles ne kawai suka samu.

Wurin da na fi so a duk shirin ƙarami ne. An kawo masa tsohon kaset na wata hira da ya yi yana matashi, ya sa a rikoda yana sauraro. Matashin cikin kaset yana ta kewaye-kewaye wajen bayyana abin da Rocky ya ƙunsa, dattijon kuma yana zaune yana yi masa tsawa, yana so ya fito fili ya ce labarin soyayya ne. Kuma gaskiyarsa. Mu da muka tashi da finafinan Rocky na daga baya, na Rasha da na Mista T, mun ɗauka dambe ne zalla. Na farkon labarin mutum biyu ne da duniya ta raina, Rocky da Adrian, yarinya mai kunya da ke aiki a shagon sayar da dabbobi. Rocky bai ma ci damben ba, Apollo Creed aka ba nasara da maki. Burinsa kawai a kaɗa ƙararrawar ƙarshe yana tsaye.

Sai Rambon namu. First Blood na 1982 daga littafin David Morrell na 1972 aka ɗauko shi, kuma a littafin Rambo mutuwa yake yi a ƙarshe. Stallone, wanda yana cikin marubutan fim ɗin, ya ƙi. Hujjarsa ita ce akwai dubban tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam a wulaƙance, ba ya so su shiga silima su ga cewa ƙarshen irinsu mutuwa ce kawai. Ya kuma ce fushin da ke cikin Rambo na mahaifinsa ne. Da na ji haka sai na tuna ƙarshen fim ɗin, inda ƙaton nan ya durƙushe yana kuka a jikin tsohon kwamandansa. A gidan kallo wurin nan ne muke fara hayaniya mu ce a tura gaba, don babu harbi. Ashe wurin da aka yi fim ɗin dominsa muke tsallakewa.

Abin da ya biyo baya shirin ya bi shi da sauri, ni ma haka zan yi. Shi ya rubuta duka Rocky shida, ya ba da umarnin huɗu. A Rocky IV na 1985 naushin Dolph Lundgren a ƙirji ya kwantar da shi kwanaki a asibiti. Ya gwada barkwanci bai karɓe shi ba. A Cop Land na 1997 ya ƙara ƙiba da gangan don ya fito a raunanan ɗan sanda. Da aka ɗauka ya ƙare, ya dawo da Rocky Balboa a 2006, sannan The Expendables a 2010, inda ya ji raunin wuya da ya kai shi ga tiyata. Arnold Schwarzenegger, Kwamandon namu, ya zauna ya faɗi yadda suka yi gasar ƙwanji da girman bindiga a shekarun 1980. Ashe musun da muke yi a hanya su ma suna yinsa. Quentin Tarantino, mai ba da umarnin fim, kuwa yana magana kan rubutun Stallone da ɗoki irin na mai kallo na gaskiya.

Inda shirin ya gaza ba ɓoyayye ba ne. Stallone yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa, kuma ana gani. Ya yi aure sau uku, amma da ƙyar aka taɓa zancen matansa. Abin da ya fi damuna shi ne ɗansa Sage, wanda ya fito a ɗan Rocky a Rocky V na 1990, ya kuma rasu a 2012 yana da shekara 36. An nuna su tare a fim ɗin, inda ɗan yake ƙorafin uban ba ya da lokacinsa, Stallone ya amsa cewa daga rayuwarsu ya ɗauko, sai aka wuce. Mutumin da ya yi awa guda yana faɗin abin da ubansa ya yi masa, ya kamata a tsaya a tambaye shi shi kuma wane irin uba ya zama. Na fahimci rashin ɗa ba abin da ake tilasta wa mutum ya tona ba ne, kuma ban ga laifinsa ba in ya kasa. Amma giɓin yana nan, mai kallo zai ji shi. Haka kuma Creed na 2015, wanda ya ba shi kyautar Golden Globe ya sake kai shi takarar Oscar bayan kusan shekara 40, bai samu wurin da ya cancanta ba. Wanda yake neman bincike mai tono asiri ba zai samu a nan ba. Mutum ne yake ba da labarin kansa yadda ya zaɓa.

Duk da haka ina ba da shawarar a kalla, musamman masu rubuta labarin fim a Kano da Jos da Kaduna, waɗanda sunansu kan wuce a allo babu mai karantawa. Su ga takardun da mutumin nan ya cika da rubutun hannu, da goge-goge da gyare-gyare, su ji yadda yake magana kan ƙarshen labari kamar manomi yana zancen damina.

Kusa da ƙarshe an nuna wani hoton bidiyo na gida: mahaifin nasa yana kwance a gadon ajali, a 2011, Stallone yana gefensa, suna 'yan maganganu masu taushi da ba su taɓa yi ba lokacin da ake da ƙarfi. Na waiwaya na ga Yaya ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana kallon ƙasa. Mahaifinmu ya rasu shekara tara ke nan, kuma Yaya ne ya fi shan zafinsa a cikinmu. Bai ce komai a kan wannan ba. Da rubutun ƙarshe ya fara hawa sai ya ce, "Ƙanena, wancan na farkon, na 1976, kana da shi?" Na ce zan nemo. Ya ce, "To ka nemo mana kafin Juma'a. Wannan karon ka riƙa fassara mini abin da suke faɗa."