Sharhi kan fitilun LED na cikin silin masu rage haske

Fitilun da ake nutsarwa cikin silin na POP sun zama ruwan dare a sababbin gidajen Kano da Kaduna, amma akasarinsu haske ɗaya suke bayarwa: ko dai a kunna falo ya haskake tas, ko a kashe ya yi duhu. Waɗanda nake sharhi a kansu su ne masu makunni na murɗawa, wanda masu aikin wuta ke kira dima, da ake rage haske ko a ƙara shi gwargwadon buƙata. Na sayo su a wani shagon kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari, aka sa mini su a falo da ɗakunan kwana, kuma sun ga bazara da damina da hunturu. Ra'ayina shi ne sun cancanci kuɗinsu, da sharaɗin fitilar da direbanta (ɗan akwatin da ke juya mata wuta) da dimar da kuma wutar da ke shigowa gidan su dace da juna, domin idan ɗaya ya saɓa, ingancin sauran ba zai hana haske rawa ba.

Fitilar kanta faifai ce zagayayyiya marar kauri, mai wat 9, da maƙalai biyu na sifirin da ke riƙe ta a jikin silin, sai wani ɗan akwati da ake haɗawa a bayanta, wato direba, wanda ke juya wutar layi mai bolt 230 zuwa ƙaramar wutar da LED ke aiki da ita. Mai saye ya kamata ya fi kula da adadin lumen da ke jikin kwali fiye da wat, domin lumen ne ma'aunin haske, wat kuwa ma'aunin cin wuta ne. Fitila mai kyau ta wat 9 tana ba da kusan lumen 800, daidai da tsohon ƙwai mai zare na wat 60.

Launin haske shi ne wurin da na fi jayayya da mai shago. Ya nace a kan farin haske na kelbin 6500 (kelbin shi ne ma'aunin launin haske), wai shi mutane suka fi saye saboda ya fi haskawa, ni kuma na zaɓi kelbin 3000 mai ɗan ruwan ɗorawa. Dalilina shi ne farin haske idan aka rage shi yakan koma toka-toka, fuskar mutum ta yi fari fat kamar marar lafiya, alhali mai ruwan ɗorawa idan ya yi ƙasa sai ɗaki ya yi taushi, ido ya huta. Wanda ke son tsaka-tsaki sai ya nemi kelbin 4000. Akwai kuma lambar CRI da ke nuna yadda haske ke fito da ainihin launin kaya. Tawa 80 ce, kuma a ƙarƙashinta jan kafet ɗin falo yana ɗan dushewa zuwa ruwan ƙasa, shuɗiyar shadda kuwa tana fita sarai. Da mai lamba 90 tana samuwa a shagon, da ita ce ta fi dacewa da ɗakin da mata ke ɗaura ɗankwali da daidaita launin atamfa.

Direba da dima su ne zuciyar lamarin, kuma nan ne kuɗin yake. Ba kowace fitilar LED ce ke karɓar ragin haske ba, sai wadda aka rubuta dimmable a jikin kwalinta da kuma jikin direbanta. Yana da kyau a buɗe kwali a duba direban da ido, domin fuskar fitila mai rage haske da wadda ba ta ragewa iri ɗaya ce. Fitilun nan masu sauya launi uku idan aka kashe makunni aka sake kunnawa, waɗanda suka cika kasuwa, wani abu ne daban, kuma galibinsu ba sa aiki da dima. Haka nan regiletan fanka ba ya maye gurbin dima, ko da siffarsu ta yi kama. Tsofaffin dimomi da aka ƙera don ƙwai mai zare suna buƙatar nauyin wuta mai yawa kafin su yi aiki daidai, LED kuwa ɗan kaɗan take ci, sai a ji makunni yana ƙara, haske yana ƙyafta ido. Wadda ta dace ita ce dimar da aka yi musamman don LED, nau'in da ake rubuta wa trailing edge. Jikinta yana ɗauke da iyakar wat na LED, wanda ya yi ƙasa ƙwarai da iyakar da take ɗauka na tsohon ƙwai, kuma da wannan ƙaramar lambar ake lissafin yawan fitilun da za a ɗora mata.

Abin da na yaba wa shagon shi ne sun yarda an gwada kayan kafin in biya. Yaron shago ya haɗa fitilu huɗu a kan dima ɗaya bisa tebur, muka murɗa a hankali daga sama har ƙasa, na kuma haska su da kyamarar waya, wadda ke nuna baƙaƙen layuka suna gudu idan haske yana rawar da ido ba ya gani. Dima ta farko da ya kawo ta nuna layukan tun daga rabin haske. Ta biyu, wadda ta fi tsada, ba ta nuna su ba sai can ƙasa sosai, ita na ɗauka.

Aikin sakawa wani ma'aikacin wuta ne ya yi, kuma akasarinsa ya gamsar da ni. Ya kashe wuta daga babban akwatin gida kafin ya taɓa waya, ya auna silin da igiya da alli, ya bar tazarar da ta ɗan wuce mita ɗaya tsakanin fitilu da wajen santimita 60 daga bango, sannan ya leƙa sama ya tabbatar babu katako ko ƙarfe a inda zai huda. Ya yi amfani da waya mai milimita 1.5, ya haɗa kawunanta da mahaɗi mai kusoshi maimakon murɗawa a naɗe da salatif. Shawararsa mafi amfani ta shafi fankar sama: ya nisanta fitilu daga kewayen fikafikanta, domin duk fitilar da ke saman fiffike tana sa haske yankewa a kowane juyi, abin da ke sa ciwon kai ga mai karatu. Ya kuma raba falon layi biyu, na gefe da na tsakiya, kowanne da dimarsa. Inda ya gaza shi ne rami ɗaya da ya yanka da ƙaramin zarto bayan haƙorin injin hudawarsa ya dakushe, ramin ya fi ƙima, gefen fitilar bai rufe shi ba, sai da mai POP ya dawo ya cike gurbin. Silin na POP ba ya yafe irin wannan, saboda haka a tabbatar mai aiki yana da abin huda daidai girman da aka rubuta a kwali.

A amfani na yau da kullum, idan wutar layi ta zo da ƙarfinta, ragin hasken yana tafiya sumul. Da asuba akan kunna ɗakin kwana a ƙasa-ƙasa a shirya sallah ba tare da an tashi yara ba, da dare kuma falo yakan sauka zuwa hasken hira. Sai dai ba sa sauka har kusa da duhu yadda tsohon ƙwai ke yi, akwai wani mataki da suke mutuwa gaba ɗaya, kuma dab da shi ɗaya ko biyu sukan riga sauran mutuwa. Wasu dimomin suna da ɗan maɓalli a bayan murfi da ake saita mafi ƙarancin haske da shi, kuma da aka ɗaga nawa kaɗan matsalar ta kau. A kan ƙaramin janareta kuwa haske yakan girgiza duk lokacin da firji ya tashi, musamman idan an rage shi. A kan inbatar sola mai ba da tsabtatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa pure sine wave, ban ga aibi ba, kuma rage hasken yana rage cin batir. Inbata mai arha da ba ta da wannan siffa takan sa dima da direba yin ƙara, kuma ba na ba mai irinta shawarar sayen waɗannan fitilu.

Babban abin da ke damuna shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, tsakanin kwanon rufi da silin kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma a can direbobin suke kwance. Kwali yana alƙawarin dubban awoyi, amma ba a irin wannan yanayi ake auna su ba, kuma direba ne ke riga fitila mutuwa. Nawa guda ɗaya ya mutu a ƙarshen bazara, aka zaro fitilar da hannu aka sauya shi cikin ɗan lokaci, domin na sayi rara tun farko. Rarar ta zama dole, saboda direban wani samfurin daban zai iya sa fitila ɗaya ta bambanta da 'yan'uwanta wajen ragewa, kuma kayan da ke kasuwa bana ba lallai a same su baɗi ba. Wanda ba ya son wannan dogaro zai iya zaɓar gidan fitila mai ƙwan GU10, wanda ake cirewa a sa wani, in dai shi ma ƙwan mai karɓar dima ne.

Ban sa su a kicin da baranda ba, domin wuraren nan cikakken haske suke so, kuma fitila ta yau da kullum ta wadatar da kuɗi kaɗan. Banɗaki kuma yana buƙatar fitila mai lambar kariya daga ruwa ta IP44 ko sama da haka saboda tururi da fantsamar ruwa, wadda shagon ba shi da ita a nau'in da ke rage haske.