Takaful ɗin mota a hannun ɗan fansho: abin da ya biya da abin da bai biya ba

Wanda ya ajiye aiki ba irin amfanin da matashi yake yi da mota yake yi ba. Tawa Corolla ce ƙirar 2008, 'yar Kwatano, kuma yanzu iyakarta masallacin Juma'a, asibiti, ɗaurin aure da gaisuwar rasuwa. Da magariba ta yi na daina tuƙi, don fitilun da matasa ke sa wa motoci yanzu kashe ido suke yi. To mai irin wannan zirga-zirgar, me zai kai shi biyan inshora mai tsada? Tambayar da abokaina na majalisa suka yi mini ke nan da suka ji na yanki cikakkiyar kariya a wani kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, a nan Kano. Shekara ta zagayo, an buge motar, an kuma biya, don haka ina da abin faɗa.

Zaɓi biyu ne a gaban mai motar gida. Na farko shi ne wanda doka ta tilasta, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Da naira 5,000 ne, daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da shi 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya kan dukiyar wani daga miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka matsa a kan neman takardar. Amma ko sisi ba ta biyan gyaran taka motar, balle jinyarka. Na biyu shi ne cikakkiyar kariya, wadda ta haɗa da haɗari, gobara da sata, kuma hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Motar miliyan shida, naira 300,000 ke nan a shekara. Ga mai jiran fansho, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Abin da ya sa na rufe ido na biya shi ne lissafi ɗaya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin mota ya tashi ya bar masu fansho a ƙasa. Matashi in ya rasa mota yana da shekarun aiki a gaba da zai mayar da ita. Ni in wannan ta tafi, ta tafi ke nan, sai A Daidaita Sahu zuwa ganin likita, ga gwiwa ba daɗi.

'Yata da ke Ingila ta tsorata ni tun farko. Ta ce a can da mutum ya kai 70 sai ya sabunta lasisi, daga nan kuma duk bayan shekara uku, kuma kamfanoni na ƙara wa dattawa kuɗi in shekaru suka yi nisa. A nan ban tarar da haka ba. An rubuta ranar haihuwata a fom, an duba lasisina bai ƙare ba, shi ke nan. Shekarun motar suka dame su, ba nawa ba. Wani kamfanin da na fara zuwa cewa ya yi ta tsufa, ba ya ba irinta cikakkiyar kariya. Na takaful ɗin ya karɓa bayan an zagaye ta an ɗauki hotuna har da lambar jikinta.

Yarinyar da ta cika mini takardu ta yi abin da zan yaba. Na faɗi kuɗin da na sayi motar shekarun baya, sai ta ajiye biro ta ce, "Baba, a sa farashinta na yau. In kuka rubuta rabin darajarta, ranar da abu ya faru rabin gyaran za a biya ku." Na so na yi gardama don kuɗin zai ƙaru, amma gaskiya ta faɗa. Duk wanda ya yanki inshora kafin faɗuwar naira yana ta sabuntawa a kan tsohon adadi, ya koma ya duba.

Ta kuma bayyana yadda takaful yake: gudummawa ce muke zubawa a asusu ɗaya, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, kamfani ya ɗauki ladan gudanarwa, akwai kuma malamai masu sa ido. In an samu rara, a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Wannan ya kwantar mini da hankali ta fuskar addini. Ta fuskar aljihu kuwa, ban ga ya fi sauran sauƙi ba.

Tsautsayin ya zo ne da hantsi a wani shataletale. Ɗan A Daidaita Sahu ya kutso ta dama ya ɗauke mini fitilar gaba, ya lotsa ƙofa, bamba ta sauko tana jan ƙasa. Kafin na kwance bel mutane sun taru. "Baba, a yi haƙuri, yaro ne." "Alhaji, ku ne manya, a bar wa Allah." Yaron yana tsaye da hula a hannu, babur ɗin ma ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum, takardar inshora kuwa babu, alhali tasu naira 5,000 ce kacal. Dattijo a Kano ba ya iya tsayawa a titi yana jan kwalar sa'an jikansa. Kunya za ta sa ka yafe, ka koma gida ka yi gyara da kuɗin magani. Ranar na yafe da zuciya ɗaya, don na san akwai inda zan kai takarda. A ganina wannan ne babban amfanin abin ga mai shekaru, kuma ba wani dillalin inshora da ya taɓa faɗa mini shi.

Karɓar diyyar dai ta gajiyar da ni. Sai rahoton 'yan sanda, sai hotuna, sai kiyasin mai gyaran jiki da na mai fenti, sai injiniyansu ya zo ya duba. Komai ta waya suke so a tura, ga rubutun manhajar ƙanana, dole jikana ya zauna ya yi mini. Dattijon da ba shi da yaro a kusa zai sha wuya. Injiniyan ya rage kiyasin, ya ce farashin fitila ya wuce na kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa, kuma da bakanikena ya je ya tambaya, ba a yi nisa da maganarsa ba. Sai aka cire kason da mai mota ke ɗauka da kansa a kowane haɗari. Sai kuma aka sake cire wani abu, wai an sa wa tsohuwar mota sabon kaya. Wannan na ƙarshen ya ɓata mini rai. Yana cikin takardar, ban musa ba, amma a can ciki da ƙananan haruffa, da Turanci, kuma wadda ta yi mini bayanin rara dalla-dalla ba ta taɓo shi ba. Duk da haka abin da ya shigo asusuna ya ɗauki mafi yawan gyaran, cikin makonni kaɗan.

Abu na biyu da ban ji daɗinsa ba shi ne biya a dunƙule. Doka ta ce ba biya, ba kariya, na sani. Amma fansho wata-wata yake zuwa, in ya zo, kuma da na nemi a raba mini sai aka ce babu wannan tsarin.

Ba kowa zan ce ya bi sahuna ba. Wanda motarsa ta gaji har kuɗin shekara biyu ko uku zai sayi injinta, ko wanda 'ya'yansa za su iya sauya masa mota gobe, ya tsaya a ta 15,000. Sai dai ya tabbata ta gaske ce. Takardun da ake bugawa a bakin ofishin lasisi da yawa na bogi ne, kuma araha ba ta ado. A sa lambar mota a shafin NIID na ƙungiyar kamfanonin inshora, nan take zai nuna ko tana rajista. A kuma tambaya tun farko ko kariyar ta shafi ɗa ko direban da zai riƙa tuƙa ka, don wanda ba shi da lasisi in ya yi ɓarna ba za su biya ba.

Ni zan sabunta bana. Rarar bara ba ta shafe ni ba tun da na karɓi diyya. Na dai gaya musu kafin na sa hannu sai an rubuta mini duk abin da za a cire a takarda guda, da manyan haruffa, in so samu ne da Hausa.