Gargaɗi ga masu mota: ana sa tsohon gasket ana karɓar kuɗin sabo

Salamu alaikum jama'a. Abin da ya same ni zan faɗa muku, kuma don Allah wanda ya karanta ya tura wa ɗan'uwansa mai mota, musamman direbobin haya da abincinsu ke jikin inji.

Corolla gare ni ƙirar 2005. Watanni biyu da suka wuce fankar lagireto ta tsaya ina cikin cunkoso, ban ankara ba sai da inji ya tafasa. Na kai wa wani bakanike da aka haɗa ni da shi, ya duba ya ce top gasket ya ƙone, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin gangar inji (bulok) da murfinsa na sama (top). Ban yi musu ba, don alamun sun nuna. Na biya kuɗin sabon gasket, na biya kuɗin kai top wurin masu inji su share shi ya daidaita, na biya kuɗin aiki. Bayan kwana uku ya kira ni, ya miƙo mini makulli, har ya nuna mini kwalin da ya ce daga ciki ya ciro sabon. Kwalin kawai na gani, kuma a nan na yi sakaci.

Sati uku ba su cika ba, ina hanyar Zariya da iyali, daidai Kwanar Dangora allurar zafi ta fara hawa. Na tsaya. Farin hayaƙi na fita ta salansa kamar ana dafa ruwa, da na buɗe murfin baƙin mai sai ga wani abu a jikinsa kamar shayi mai madara. Ruwa ya shiga mai. Haka muka zauna a bakin titi da yara cikin rana, sai da aka jawo motar zuwa Kano.

Wannan karon wurin wani dattijon bakanike na kai, na kuma zauna a kan benci aka kwance injin a gabana. Da ya ɗaga top ɗin ya yi shiru, sannan ya ce, “Alhaji, zo ka gani da idonka.” Ya sa farce ya kankare fuskar gasket ɗin, fenti ruwan azurfa ya biyo farcen, ƙarƙashinsa ga tsatsa, ga shatin wani injin daban. An lafta masa gam ta ko'ina, har ya toshe rabin wata ƙofar ruwa. Ya ɗauko miƙaƙƙen ƙarfe ya ɗora a fuskar top ɗin, muka ga haske yana wucewa ta ƙasa a tsakiya. Wato ko sharewar da na biya ba a yi ba.

Na ce, “Baba, ashe ana iya mayar da wanda aka taɓa ɗaurewa?” Ya ce ana iya sa shi, amma ba zai riƙe ba. Bayanin da ya yi mini shi ne nake so kowa ya riƙe. Gasket ɗin nan yana tsakanin bulok da top ne, aiki uku yake yi lokaci guda: ya tsare ƙarfin wutar da ke tashi a kan fistin, ya raba hanyar ruwa, ya raba hanyar mai. Na irin motata siraran fallayen ƙarfe ne aka jera, da ɗan tudu kewaye da kowane rami da shafe mai kama da roba. Ranar da aka ɗaure shi, tudun nan yake kwanciya ya cike duk wata kafa ta wannan injin. Ya kwanta ke nan, ba ya sake tasowa. In ka cire shi ka mayar, ko da a injin da ya fito ne, babu sauran abin da zai matse. Gam kuwa ba ya jure wutar silinda. Ya ce na jan ƙarfe zalla da ake samu a wasu tsofaffin injina shi ne ake iya gasawa a sake sawa, kuma ba shi ne a motocin da muke hawa yau ba.

Haka ma ƙusoshin top. Guda 10 ne a injin nan, ana ɗaure su bi da bi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, sannan a ƙara murɗa kowanne digiri 90. Wannan murɗawar tana ɗan miƙar da su, shi ya sa ake auna su kafin a mayar, wanda ya wuce ƙima a canja shi. Wancan bawan Allah da bututu ya ɗaure su, da ƙarfin damtse.

Da na koma masa da gasket ɗin a leda, da fari ya rantse. Da ya ga fentin sai ya sauko, ya ce, “Oga, ai na Beljiyam ne, ya fi sababbin nan ƙarko.” Kada wannan magana ta ruɗe ku. Akwai kayan Beljiyam masu kyau, ni ma ina saye, amma gasket ba ya cikinsu. Kuma ba shi kaɗai ke cikin harkar ba, don akwai wanda ya ciro shi daga injin da aka farfasa, ya wanke, ya fesa fenti, ya sayar yana sane. Ba ina cewa duk bakanikai haka suke ba. Wanda ya tona asirin ma bakanike ne.

In aikin nan ya kama ka, je ka sayo kayan da kanka, ko ka tafi da wanda ka yarda da shi. Duba cewa ledar a rufe take, fuskarsa ba shatin zobe, ba warin fenti. A buɗe shi a gabanka, a sa a gabanka, kuma ka ce a ba ka tsohon ka tafi da shi. Top ɗin ma ka gan shi bayan an share, fuskarsa za ta fito fes tana ƙyalli. Sannan a gyara abin da ya jawo zafin tun farko, fanka ce, ko famfon ruwa, ko lagireto.

Ni dai yanzu motata tana gareji. Ruwan da ya gauraya da mai ya ci metal, wato zobban ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsu, sai an sauke injin gaba ɗaya. Gasket ɗin yana hannuna, kuma ranar Asabar zan kai shi gaban shugaban bakanikan unguwar tare da Baban da ya kwance injin, don ya ce zai je ya yi shaida.