Microsoft Defender: ya isa shi kaɗai, ko sai an ƙara masa wani?

Duk kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ko 11 tana zuwa da antibairos mai suna Microsoft Defender a cikinta, amma har yanzu mutane da yawa ba sa samun natsuwa sai sun ɗora wani a kai. Na yi aiki da Microsoft Defender shi kaɗai a kan kwamfutoci tsofaffi da sababbi, kuma ra'ayina shi ne ya isa ga yawancin masu amfani, da sharaɗi biyu: a gyara wasu saituna da ba ya zuwa da su a kunne, kuma mai kwamfutar ya daina kashe shi da hannunsa.

Raina shi da ake yi yana da tushe, sai dai tushen ya tsufa. Lokacin da ya fito a 2006 manhajojin leƙen asiri kawai yake kamawa, sai a Windows 8, cikin 2012, ya zama cikakken antibairos, kuma a shekarunsa na farko bai taka rawar gani ba a gwaje-gwaje. Yanzu lamarin ya sauya. Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus tana ba da maki 6 a kowane ɗaya daga fannoni uku, wato kariya da sauri da sauƙin amfani, kuma a 'yan shekarun nan Defender yana yawan samun cikakken maki ko kusa da haka a fannin kariya, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saye.

Kafin komai, tabbatar yana aiki. Akwai ɗan fayil na gwaji mai suna EICAR, haruffa 68 ne kacal, ba ya cutar da komai, amma kamfanonin antibairos sun amince su riƙa kama shi kamar bairos na gaske. Sauke shi daga shafin cibiyar EICAR. Idan Defender lafiyarsa ƙalau, zai tare shi nan take ya nuna sanarwa. Idan fayil ɗin ya sauka ya zauna lafiya, to akwai abin da aka kashe, ko kuma an cire wannan folda daga bincike.

Buɗe Windows Security, shiga «Virus & threat protection», sannan «Manage settings». Maɓallai huɗu ne a nan kuma duka ya kamata su kasance a kunne: «Real-time protection» mai duba kowane fayil a lokacin da ake buɗe shi ko ajiye shi, «Cloud-delivered protection», «Automatic sample submission», da «Tamper Protection» mai hana wata manhaja kashe kariyar ta bayan fage. Na biyun shi ne mutane ba su cika sanin nauyinsa ba. Idan Defender ya haɗu da fayil ɗin da bai taɓa gani ba, yana tambayar manyan kwamfutocin Microsoft ta intanet, ya riƙe fayil ɗin na 'yan daƙiƙu har amsa ta dawo. Nan ƙarfinsa yake, nan kuma rauninsa yake. Gwajin cibiyar AV-Comparatives ta ƙasar Ostiriya ya sha nuna cewa abin da yake kamawa idan babu intanet bai kai wanda yake kamawa da intanet ba, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Saboda haka kwamfutar da ke zama makonni ba a haɗa ta da intanet ba, ana kuma cusa mata filashi iri-iri, ita ce wadda Defender ya fi gazawa a kanta.

A ƙasan wannan shafin akwai «Exclusions», jerin wuraren da aka ce kada ya bincika. Wannan shi ne wuri na farko da nake dubawa a duk kwamfutar da ake zargi. Idan ka kashe kariyar nan-take, wato «Real-time protection», Windows yana sake kunna ta da kansa bayan ɗan lokaci, tsari ne mai kyau ƙwarai. Masu yaɗa manhajojin sata, irin su Office ko Photoshop da aka fasa wa makulli, sun san da haka, shi ya sa umarninsu yakan ce ka saka foldar a cikin wannan jerin. Da zarar ta shiga, ba za a sake leƙa ta ba. Haka kuma muguwar manhajar da ta samu ikon admin tana iya saka kanta a ciki ba tare da ka sani ba. Idan ka ga dukan faifan C, ko foldar Temp, ko AppData, ko nau'in fayil na exe a jerin, kuma ba kai ka saka ba, cire su ka yi cikakken bincike.

Ina dagewa a kan wannan ne domin abin da ake ɓoyewa a cikin manhajojin sata a yau ba irin bairos ɗin da ba ne mai lalata kwamfuta a gani. Ɓarayin bayanai ne. Suna kwashe kalmomin sirrin da ke ajiye a burawza, da bayanan katin banki, da makullan asusun kirifto, su aika cikin ƙasa da 'yan mintuna, kwamfutar kuma ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. A watan Mayun 2025 Microsoft ta sanar cewa ta gano kwamfutoci sama da 394,000 da ɗaya daga cikin irin waɗannan, mai suna Lumma, ya shiga cikin wata biyu kawai. Mai gadi ba zai iya komai ba idan mai gida ne ya shigo da ɓarawo ya ce kada a taɓa shi.

Abin da na fi so a Defender, kuma abin da ya fi ba ni mamaki cewa yana zuwa a kashe, shi ne «Controlled folder access». Yana ƙarƙashin «Manage ransomware protection», kuma an yi shi ne don manhajojin da ke kulle fayilolin mutum su nemi kuɗin fansa. Dabararsa daban ce da ta sauran sassan. Ba ya ƙoƙarin gane ko manhaja muguwa ce, abin da yake yi shi ne ya hana duk manhajar da bai amince da ita ba canza komai a cikin Documents da Pictures da Videos da Music. Ko da sabuwar cuta ce da babu wanda ya taɓa gani, za ta iske ƙofa a rufe. Amma yana da wahalarsa, kuma gara a sani tun farko: a makon farko zai tare manhajoji na halal, musamman tsofaffin manhajojin lissafin kuɗi, da na gyaran hoto, da wasannin da ke ajiye bayanansu a Documents. Alamar ita ce manhaja ta ce ta kasa ajiye fayil, ko ta ce ba ta ga foldar ba. Maganin ba kashe shi ba ne. Shiga «Allow an app through Controlled folder access», zaɓi «Recently blocked apps», ka ba wadda ka sani izini. Kada ka taɓa ba PowerShell ko cmd, wato wuraren rubuta umarni na Windows, wannan izinin, domin ta cikinsu mugayen manhajoji ke bi. Idan kana ajiye aikinka a faifan D ko wata folda daban, sai ka ƙara ta da hannu, in ba haka ba ba ta cikin kariyar.

Wannan bai ɗauke maka nauyin ajiye kwafi ba. Kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Faifan waje da ke maƙale da kwamfuta dare da rana za a kulle shi tare da sauran.

Game da filashi, akwai abin da ba a cika faɗa ba: cikakken binciken Defender ba ya haɗawa da filashin da ke jone sai an umarce shi. Kariyar nan-take tana duba fayil idan ka taɓa shi, amma ba ta bin filashin gaba ɗaya. Ko dai ka danna ɓangaren dama na linzami a kan filashin ka zaɓi bincike da Defender, ko ka buɗe PowerShell a matsayin admin ka rubuta Set-MpPreference -DisableRemovableDriveScanning $false. Idan kuma bairos ɗin nan mai mayar da foldoji gajerun hanyoyi ya riga ya shiga filashin, Defender zai cire shi amma ba zai dawo da foldojin ba, domin ɓoye su aka yi, ba goge su ba. Umarnin attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a cikin cmd yana fito da su, ka sauya E da harafin filashinka. Ka kuma kunna nuna ƙarshen sunan fayil a File Explorer, domin Windows yana ɓoye shi, sai fayil mai suna rasit.pdf.exe ya bayyana a matsayin rasit.pdf.

Ta fuskar nauyi, a kwamfuta mai faifan SSD da ram 8GB da wuya ka san yana nan. A kan tsohon faifai mai juyawa da ram 4GB kuwa za ka ji shi, musamman lokacin kwafe dubban ƙananan fayiloli ko cikakken bincike, inda «Antimalware Service Executable» ke hawa saman jerin Task Manager. Binciken gaggawa ya wadatar a kullum. Cikakken bincike a bar shi sai an yi zargi.

Inda ya fi barin mutum da kansa shi ne burawza. Tacewarsa ta shafukan damfara, SmartScreen, a Edge take aiki sosai, mai amfani da Chrome ko Firefox kuwa yana dogara ne da tacewar Google. Kuma akwai yaudarar da ta yaɗu tun 2024 wadda ke kewaye yawancin wannan: shafi ya nuna maka akwatin tabbatar da cewa kai mutum ne, ya ce ka danna maɓallin Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Abin da ka manna umarni ne da zai sauke cuta, kuma da hannunka ka zartar. Babu shafin gaskiya da ke neman haka.

Sabunta Windows kuwa rabin kariyar ce. Bairos mai neman kuɗin fansa, WannaCry, ya bazu ranar 12 ga Mayun 2017 ya shiga ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, alhali gyaran ramin tsaron da ya bi a Windows ya fito tun watan Maris. Microsoft tana fitar da gyare-gyaren tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata. Tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka kwamfutar da ba ta shiga shirin ƙarin sabuntawa ba, ramukanta za su yi ta taruwa ko da antibairos ɗin yana karɓar sababbin bayanai.

Idan kana zargin cuta ta riga ta shige, yi amfani da «Microsoft Defender Offline scan» da ke cikin «Scan options». Kwamfutar za ta sake tashi ta yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ya buɗe, lokacin da cutar ba ta iya ɓuya ba. Mai amfani da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, ya tanadi makullin farfaɗowarsa a kusa, domin ana iya tambayarsa. Idan abin da aka kama ɓarawon bayanai ne, cire shi bai gama aikin ba. Daga wata na'ura mai tsabta ka canza kalmomin sirri, ka fara da imel, sannan ka fitar da duk na'urorin da ke cikin asusunka, domin da ƙananan bayanan shiga da aka sata daga burawza ana iya kutsawa ba tare da an nemi lambar tabbatarwa ba.

Wanda zai amfana da antibairos na saye shi ne mai kula da kwamfutoci da yawa yana son ganinsu a allo ɗaya, ko wanda kwamfutarsa ba ta cika ganin intanet ba. Idan ka ɗora wani, Defender yana janyewa da kansa ya bar masa aikin. Abin lura shi ne na gwajin kwana 30 da ke zuwa da sababbin kwamfutoci: idan wa'adinsa ya ƙare ba ka biya ba, cire shi gaba ɗaya, ka sake tayar da kwamfutar, ka koma Windows Security ka ga kariyar nan-take ta Defender ta dawo a kunne.